Ɗana ya ce sai karatun injiniya: a zuba jari ko a buɗe masa shago?

A makon da aka fitar da sakamakon jarrabawar bak, na fito daga ɗakin watsa shiri bayan na gama karanta farashin hatsi, sai mai gadi ya ce mini akwai wata Hajiya da ke jirana a zaure tun hantsi. Na san ta sarai, domin kuwa ta fi shekara 20 tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a babbar kasuwar Maraɗi. Na yi zaton cigiya ta kawo ko sanarwar biki, ashe damuwa ce ta taso ta.

Ɗanta na fari ya samu bak. Ita kuma ta jima tana zubin adashe domin ranar da zai gama ta kama masa shago, ya riƙa saro kaya, ita ta ɗan huta. Sai yaro ya ce shi ba shago yake so ba, Yamai zai tafi ya yi karatun injiniyan injuna, wanda ƴan lakkol ke kira jeni mekanik, kuma karatun shekara 5 ne.

Ta dube ni ta ce: «Ɗana, kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. Yaron nan shekara 13 yana zuwa lakkol, yanzu kuma ya ce kanikanci zai koya? Ɗan maƙwabciyata bai taɓa shiga aji ba, ga shi da garejinsa, har ya yi aure.»

Ba a yi kwana 10 ba, wani mai saurare ya bugo waya cikin shiri da tambaya mai kama da wannan, amma shi a kan kansa yake magana. Shekarunsa 34, yana sayar da piyas na mota da na moto, yana da mata da ƴaƴa 3. Ya samu bak tun yana saurayi, rasuwar mahaifinsa ta sa ya bar karatu ya shiga kasuwa. Ya ce kullum ya riƙe wani ƙarfe a hannu sai ya ji yana son sanin yadda aka lissafa shi aka ƙera shi. Tambayarsa ita ce: lokaci ya wuce masa, ko kuwa da sauran dama?

Ni kaina a bak na tsaya, daga nan aikin radiyo ya ɗauke ni. Saboda haka na zagaya gareji-gareji, na zauna da malaman makarantun fasaha da waɗanda suka yi wannan karatu, na tattaro abin da ya kamata uba ko uwa ko magidanci su sani kafin su kwance bakin jaka.

Makaniki, teknisiye da injiniya

Abu na farko da ya rikita Hajiya shi ne suna. Da ta ji «mekanik» sai ta hango yaro kwance ƙarƙashin mota, riga duk baƙin mai. Alhali hawa uku ne, kowane da aikinsa da tsawon karatunsa.

Mu ɗauki injin niƙa, tunda babu unguwar da ba ta da shi. Idan ya tsaya, makaniki ake kira. Shi zai saurari ƙararsa, ya kwance shi, ya gane rulma ce ta ci, wato boris, ya canza ta, inji ya tashi. Wannan ilimi ne na hannu da kunne, ana samunsa a wajen maigida cikin shekaru, kuma ba abin rainawa ba ne, domin da babu su da ƙasar nan ta tsaya cik.

Teknisiye shi ne wanda ya haɗa hannu da takarda. Yana karanta zanen inji, yana aiki da ma'auni, yana iya tsayawa gaban tur ya feƙe sabon ƙarfe daidai da awon da aka rubuta, kuma shi ke tsara ranar da za a sake mai da ranar da za a duba kowane sashe tun inji bai lalace ba.

Injiniya kuwa tambayarsa daban ce: me ya sa rulmar nan take ci duk bayan wata 2? Sandar da ke juyawa ce ta yi siriri, ko ba ta zauna daidai ba, ko ƙura ce ke shiga, ko gudun ne ya yi yawa? Ga ƙaramin misali. Motar kuran da ke juya inji takan yi zagaye kusan 1500 a minti ɗaya. Idan aka sa mata puli mai faɗin santimita 10, aka ja bel zuwa puli mai santimita 30, to injin zai yi zagaye 500 ne kawai, amma ƙarfin murɗawarsa ya ninka sau 3. Wanda ya san wannan lissafi tun a kan takarda yake sanin girman pulin da ya dace da gero, da wanda ya dace da markaɗen gyaɗa, da kaurin ƙarfen da zai ɗauki nauyin bai karye ba. Aikin injiniya ke nan: ya tsara inji tun babu shi, ya zaɓi irin ƙarfen, ya ƙiyasta kuɗin, ya sa ido a ƙera, kuma in abu ya fashe ya ji wa mutane, shi za a tambaya.

Saboda haka, Hajiya, ɗanki da ɗan maƙwabciya ba layi ɗaya suke bi ba, ko da yake wata rana za su buƙaci juna.

Abin da ake koya, da ƙofofin shiga

Kada a ɓoye wa kowa: ƙashin bayan wannan karatu lissafi ne da fizik. A kansu ake ɗora zanen fasaha, da ilimin ƙarfin ƙarafa, wato sanin nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya lanƙwashe, da ilimin zafi wanda shi ke bayyana yadda injin gazuwal da firji suke aiki, da ilimin tafiyar ruwa da iska cikin bututu, da wani abu na wutar lantarki. A yau kuma zanen duk a kwamfuta ake yinsa. Yaron da ke son taɓa inji amma yana gudun lissafi zai sha wuya tun shekarar farko, kuma irinsu ne suka fi dawowa gida hannu rabbana.

Ƙofofin shiga suna da yawa, ba ɗaya ba ce kamar yadda mutane ke zato. Wanda bai yi nisa a lakkol ba yana da cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin komin-komin. Wanda ya samu BEPC yana iya neman lise ta fasaha, kamar Lise Teknik Ɗan Kasawa ta nan Maraɗi, inda ake shirya bak na fasaha, ko makarantun sana'a irin su Isa Beri da Kalmaharo a Yamai, waɗanda ke kai yaro ga takardun sana'a. Wanda ya samu bak na kimiyya ko na fasaha, wato C ko D ko E ko F, shi ne ke da hanyar zuwa sama: shekara 2 domin BTS ko DUT, shekara 3 domin lisans, shekara 5 domin takardar injiniya.

Makarantar da aka fi sani a wannan fanni ita ce EMIG, a Yamai, a ƙetaren kogi. Ƙasashen tsohuwar ƙungiyar CEAO ne suka kafa ta tare, ta buɗe ƙofofinta a 1990, daga baya ta koma hannun Nijar. Tana horar da teknisiye da injiniyoyi a fannin ma'adinai, gine-gine, lantarki da injuna, kuma zaɓe ake yi kafin a shiga, ba kowa ake ɗauka ba. A Agadas akwai EMAIR, wadda aka kafa domin samar wa kamfanonin ma'adinai ƙwararrun ma'aikata. Tun 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa suna da jami'o'insu, kuma cibiyar IUT ta Maraɗi ita ce ta karkata wajen fannonin fasaha. Wasu ɗalibai kan samu burs zuwa Aljeriya ko Maroko. Wasu iyayen kuma, musamman ƴan kasuwarmu masu hulɗa da Kano da Katsina, sukan kai ƴaƴansu jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero a Kano. Wannan hanya tana da kyau, sai dai da Ingilishi ake karatun, kuma in yaro ya dawo sai ya nemi a daidaita masa takardarsa da ta gida.

Akwai kuma makarantu masu zaman kansu, kuma a nan ne ake son buɗe ido. Kafin ka biya ko dala, tambayi abu uku: suna da izinin gwamnati a kan wannan fanni takamaimai? Ɗalibansu suna zama jarrabawar BTS ta ƙasa, ko takardarsu tana da amincewar hukumar CAMES? Na uku, ka ce a nuna maka atiliye. Ba wanda ke sayen buhun wake bai soka hannu ciki ba. Makarantar da ke koyar da inji a kan allo kaɗai, babu tur, babu injin walda, babu ko tsohon injin da yara za su kwance, to takarda kawai take sayarwa.

Mu yi lissafi irin na kasuwa

Ɗan kasuwa ba ya shiga ciniki sai ya san uwar kuɗi. A wannan karatu uwar kuɗin kashi biyu ce, kuma kashi na biyun ne ake mantawa.

Kashi na farko shi ne abin da zai fita daga aljihu: kuɗin rajista da na makaranta, ɗaki a Yamai in yaro bai samu wuri a makaranta ba, abinci, kuɗin mota, kwamfuta mai ɗan ƙarfi domin zane, da kuɗin zama wurin sitaj, wanda sau da yawa ba a biyan ɗalibi komai. Wanda ya samu burs ta hannun hukumar ANAB ya rage nauyi, amma duk wanda ya yi ɗalibta a ƙasar nan ya san burs kan yi jinkiri, don haka dole gida ya kasance da abin toshe ɓaraka.

Kashi na biyu shi ne abin da yaron zai samu da a shago yake. A ce, a misali, yana samun ribar jika 2 a rana, kwana 300 a shekara. Jika 600 ke nan a shekara, miliyon 3 a shekara 5. Wannan kuɗi ba za a gan shi ba, kuma shi ma cikin jarin yake. Kowa ya sa nasa adadin ya buga, amma kada a tsallake wannan layi.

Sai kuma a tambayi kai: in aka kai shekara ta 3 kasuwa ta juya baya, wa zai ɗauki nauyin? Karatun da aka yanke a tsaka ya fi kowane asara, domin ba takarda, ba shago, shekaru kuma sun tafi. Shi ya sa malamai da dama ke ba iyalai masu ƙaramin ƙarfi shawarar hawa tsani mataki-mataki: a fara samun BTS ko lisans, takardar da za a iya neman aiki da ita, sannan in hali ya yi a ci gaba zuwa injiniya.

Ina aikin yake?

A nan ma gaskiya ɗaya ce: masana'antunmu ba su da yawa, kuma takardar injiniya ba ta zuwa da kujera a manne. Amma wuraren da ke buƙatar masu wannan ilimi sanannu ne. Akwai matatar mai ta SORAZ a jihar Damagaram, wadda ta soma aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20000 a rana. Akwai rijiyoyin Agadem da bututun da ya tashi daga can zuwa gaɓar teku a Seme ta ƙasar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2000, wanda aka fara lodin mai ta cikinsa a 2024. Bututu irin wannan yana da tashoshin turawa, kowace da pompuna da injuna masu son kulawa dare da rana. Akwai SONICHAR a Anu Araren, mai ƙona gawayin ƙasa tana ba da wuta tun 1981. Akwai tashoshin NIGELEC, irin ta Goru Banda, da kamfanin siminti na Malbaza, da ma'adinan Arlit, da filayen noman rani na ONAHA kamar na Jiratawa da Ƙonni, da kamfanonin yin hanya da na sufuri masu manyan motoci.

Sai dai kamfani ma yana mutuwa kamar yadda kasuwa ke ci ta watse. COMINAK ta Akokan, wadda ta fara haƙo uraniyom a 1978, ta rufe a watan Maris na 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka koma neman abin yi. Wanda ya gina dukan burinsa a kan kamfani guda ya tuna da wannan.

Mu tuna kuma da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan takunkumin CEDEAO, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga can take zuwa. Watannin nan masu sayar da ƙanƙara da kifi da masu injin niƙa sun ji a jikinsu. Su wa aka riƙa nema ruwa a jallo? Masu iya tayar da gurup, masu haɗa pano da pompo, masu farfaɗo da tsofaffin injunan da aka jingine. Wannan ya nuna cewa buƙatar tana nan, ko da ba kullum take zuwa da albashin wata ba.

Babban mai ɗaukar aiki yana cikin kasuwa

Ƴan uwana ƴan kasuwa, ku dubi rumfunanku da kyau. Kusan rabin nauyin ɓararriyar gyaɗa mai ne, amma matar da ke matsa da hannu ta san wani man yana tafiya cikin tunkuza, ga ciwon kafaɗa da na baya. Masu aya a jihar Maraɗi da hannu suke tankaɗe da tsince tsakuwa. Albasar Galmi tana ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi, saboda rashin ma'ajiya mai iska. Masu tumatir da tattasai a ƙasa suke shanya, ƙura na hawa. Farantan injin niƙa marasa kyau suna cinyewa, garin ƙarfen kuma cikin tuwonmu yake ƙarewa. Manomin rani yakan sayi motopompo da ya fi ƙarfin rijiyarsa, ko wanda bai kai ba, ya yi ta ƙona esans a banza.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli aikin injiniya ce, kuma masu matsalar suna da kuɗin biya in dai injin zai yi musu aiki, ba ya yawan lalacewa, kuma ana samun kayan gyaransa a gari. Injunan da ake shigo mana da su ba domin zafin watan Afrilu da ƙurar hunturunmu aka tsara su ba.

Wannan tunani ba sabo ba ne a ƙasar nan. A shekarun 1970 zuwa 1980 an kafa ma'aikatun ƙera kayan noma, irin su ACREMA a Tawa da UCOMA a Damagaram, inda aka riƙa ƙera garma da amalanke. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin ONERSOL daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana, aka kuma yi aiki a kan injin da rana ke juyawa. Ya rasu a 1991, tun ba a fara ganin pano a kan rufin kowane gida ba. A kasuwar Katako ta Yamai kuma, maƙera suna narka tsohon ƙarfe da sanholo suna fitar da tukwane da kayan aiki. Hannu akwai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai lissafin da zai zauna da masu hannun, su fitar da inji iri ɗaya guda 50, kowane ƙarfensa na shiga cikin ɗan uwansa.

A nan ne ɗan ƴar kasuwa ya fi ɗan ma'aikaci sa'a. Ya tashi yana jin yadda ake ciniki, ya san bashi, ya san abokin ciniki, ya san abin da mata za su iya biya da abin da ba za su iya ba. Wannan darasi babu shi a EMIG.

Mai gemu fa?

Mu koma ga mai piyas. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma haka ne. In ya shiga yana da shekara 34, ya yi lisans, zai fito yana da 37. In ya kai ga injiniya, 39. Kafin ya kai 60 yana da sama da shekara 20 na aiki. Ta fuskar shekaru dai ƙofa ba ta rufe ba.

Amma gemu yana zuwa da cefane. Gidan da ke cin jika 5 a rana yana cin jika 150 a wata, miliyon 1 da jika 800 a shekara. A shekara 3 an haura miliyon 5, ban da kuɗin makaranta, ban da rashin lafiya da suna da sallah. Saurayi in ya tafi karatu bakinsa kaɗai ya ɗauka. Magidanci kuwa ya bar bakuna a baya. Tambaya ta farko ke nan: wa zai riƙe shago, kuma amana ce ko kuwa za a dawo a tarar da kanta babu kaya?

Ta biyu, lissafin da aka bari shekara 14 ya yi tsatsa. Kafin ya biya ko'ina, ya nemo littattafan ajin tarminal, ya samu wani mushe ko ɗalibin jami'a su riƙa zama awa ɗaya bayan isha'i har wata 6. In ya ga kansa na buɗewa, har yana jin daɗin abin, to alama ce mai kyau. In kuwa kullum da ciwon kai yake tashi, ya gode wa Allah da ya gane da wuri, asararsa ba ta wuce kuɗin mushe ba.

Ta uku, gasar shiga makarantun gwamnati da burs da ɗaukar aikin gwamnati galibi suna da iyakar shekaru. Ya je da ƙafarsa ya tambaya, kada ya dogara da an ce. Kuma ya sani in ya fito neman aiki a kamfani, zai yi layi da yara masu shekara 24, waɗanda za su karɓi albashin farawa da shi ba zai riƙe masa gida ba.

Ta huɗu, kuma ita ce babba: me yake so ya yi da ilimin? In burinsa ya zauna ofis a kira shi injiniya, hanyar doguwa ce, ribarta kuma ba tabbas. In kuwa so yake shagonsa ya tashi daga sayar da piyas ya koma wurin da ake feƙe su, ana gyara pompon gazuwal, ana haɗa injin matsar mai, to ba lalle sai ya yi shekara 5 ba. Karatun dare na BTS, ko gajeren horo a kan tur da walda da zanen kwamfuta, irin wanda asusun FAFPA ke tallafawa, zai iya kai shi inda yake so shagonsa na buɗe. In aiki ya girma har ya buƙaci babban lissafi, sai ya ɗauki matashin injiniya aiki. Alhazan da suka mallaki manyan motoci a garin nan ba duka suka iya tuƙi ba.

Shi ma wanda bai samu bak ba, kada ya ce shi ke nan. Ana zama jarrabawar a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, kuma akwai magidanta da suka samu ta wannan hanya. Sai dai duk wanda zai yi, ya zauna da uwargida tukuna, domin ita ce za ta ji raguwar cefanen kafin kowa.

Har da ƴaƴa mata

Iyayena mata, in ɗiyarku ce ke zuwa ta ɗaya a lissafi, kada a ce wannan karatun maza ne. Injiniya ba ɗaukar buhu yake yi ba; da kai da alƙalami da kwamfuta yake aiki, kuma akwai mata ƴan Nijar da suka yi wannan karatu suna cin abinci da shi. Ban da haka, yawancin injunan da muka lissafa a sama mata ne ke aiki da su. Wadda ta tashi tana taya uwarta suyar ƙuli-ƙuli ta fi kowa sanin inda aikin ke cin rai.

Gwaji kafin biya

Abin da na gaya wa Hajiya a ƙarshe shi ne kada ta ce e, kada ta ce a'a, sai an yi gwaji uku. Na farko, a ɗauko takardun sakamakon yaron na shekara 3 na lise a duba lissafi da fizik, a kuma je wajen malaminsa a tambaye shi tsakaninsa da Allah. Na biyu, yaro ya yi hutun damina a atiliyen mai tur ko garejin manyan motoci, daga safe zuwa yamma, a ga ko son da yake faɗa zai jure zafi da baƙin mai da tsawar maigida. Na uku, ya nemo mutum 2 da suka gama wannan karatu, ɗaya mai aiki, ɗaya mai nema, ya ji ta bakin kowanne.

Ta yi shiru, sannan ta ƙara nata sharaɗin wanda ni ban yi tunaninsa ba. Ta ce kuɗin adashen kashi biyu za ta yi: rabi na karatu, rabi kuma ba za a taɓa ba, yana nan cikin man gyaɗa yana juyawa, ko yaro ya gama ya zama jarin buɗe atiliye, ko ya kasa ya zama jarin shago.

Bayan sati 6 na bi ta rumfarta. Ta ce yaron yana wajen wani mai tur, kullum sai magariba yake shigowa, hannu duk yanka, amma bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Har ya zo ya auna injin markaɗen da take kai gyaɗarta, ya cika takarda da zane, ya ce pulin ne ya yi ƙanƙanta shi ya sa bel ke yawan tsinkewa. Mai injin bai yarda ba tukuna. Ita dai ta ce ta sa a kai takardunsa Yamai.

Mai piyas kuma ya sake bugowa. Ya ce ya sayi littafin lissafi, sun fara zama da wani ɗalibi, kuma ya gano cewa abin da ya manta ya fi abin da yake zato yawa. Ya ba kansa zuwa ƙarshen shekara. In kun haɗu da shi a kasuwa da littafi a ƙarƙashin kanta, kada ku yi masa dariya. Ku tambaye shi inda ya kai.